Me Zai Hana A Ɗura Wa Mai Ciwon Daji IL-2 Da Yawa?

Ɗana, ka ce tunda ɗan IL-2, furotin ɗin da muke ɗigawa a kwalbar reno a ɗakin bincike, yana sa ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, su hayayyafa, me zai hana a ɗura wa mai ciwon daji shi da yawa, garkuwar jikinsa ta cinye ƙarin? Ai an gwada tun ba yau ba.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne. Ƙwayoyin da muka tayar sukan dunƙule curi-curi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ruwan renon ya tashi daga ja ya koma rawaya saboda yawan cin da suke yi. Ta wannan halin aka gano furotin ɗin a 1976, a ɗakin binciken Robert Gallo. Daga baya Steven Rosenberg ya ba marasa lafiya shi a Amurka, har FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta amince da shi don kansar ƙoda a 1992, da kansar fata ta melanoma a 1998. Wasu 'yan kaɗan sun warke sarai, shekara da shekaru ciwon bai dawo ba. Mafi yawa kuwa bai yi musu aiki ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A kwalba, waɗanda muka zaɓa ne kawai suke jin kiran. A jiki akwai ƙwayoyin Treg, masu aikin kwantar da garkuwa don kada ta afka wa mai ita. Suna ɗauke da CD25 mai yawa, wato furotin ɗin da ke kama IL-2 a jikin ƙwaya, don haka su ke fara cafke IL-2. In ka ba da kaɗan, masu hana faɗan ka ciyar, ƙarin ya samu sarari. In ka ba da da yawa, ƙananan jijiyoyi su fara yoyo, ruwa ya taru a huhu, matsin jini ya yi ƙasa, fitsari ya ragu. Ga shi ba ya daɗewa a cikin jini, sai an maimaita allurar duk bayan awa 8. Wannan wahalar ita ta fi tsaya min a rai, domin mutum ne a kan gadon.

Shi ya sa aikinmu na nan ke da daraja. A 2024 an amince da wani magani mai suna lifileucel: a ciro ƙwayoyin T daga cikin ƙarin, a rene su da IL-2 a waje, a mayar wa mara lafiya, sannan a bi shi da allurar IL-2 'yan kaɗan.

Gobe kada ka tsaya a ƙirga ƙwayoyin kawai. Ka rina su da alamar CD8, ta ƙwayoyin T masu kai hari, da ta FoxP3, ta ƙwayoyin Treg, mu ga su waye suka ƙaru.