Kaset ɗin Dragon Ball: Advanced Adventure ba ya ajiye wasa

Ɗan'uwa, ka ce kana kashe Game Boy Advance, na'urar wasan hannu ta kamfanin Nintendo, wasan ke komawa farko. Yawanci jabun kaset ne. Duba takardar gaba: na asali yana da ƙananan lambobi da aka danna a jikinta, kuma an rubuta Nintendo a allon ciki, saman haƙoran tagullar.

Fara goge haƙoran da auduga da sifirit mai ƙarfi. Kar ka hura da baki, yawu tsatsa yake jawowa. In za ka buɗe kaset ɗin, ramin kan sukurun bayansa mai reshe uku ne, sukudireba ta gama-gari lalata shi za ta yi. In ka tarar da batirin ajiye wasa a ciki, a auna shi, ya kamata ya kai volt 3. Da dalma aka liƙa shi, kar ka ɓanɓare, kai wa mai gyaran waya.