Filin Bakanike: Motar Lantarki Mai Goyon Janareta, Za Ta Iya Rabon Burodi a Katsina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi a Sabuwar Unguwa, cikin garin Katsina. Motar rabo guda gare ni, tsohuwar bas ce da muka cire wa kujeru. Direba kan fita bayan sallar asuba, ya bi masu shayi da shaguna daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Marusa, ya shiga babbar kasuwa, ya leƙa Batagarawa, kafin azahar ya dawo. A rana mota kan ci kilomita 60 zuwa 70, ta sha fetur lita 10 ko fiye. Sau biyu a mako kuma muna kai kaya Daura ta hanyar Mashi. Ƙanena da ke zaune a Ingila ya ce akwai motocin kaya na lantarki masu ɗan injin fetur a ciki, wai ko caji ya ƙare ba sa tsayawa, ya ce in haɗa kuɗi ya turo mani guda. Gaskiya ne? Za ta rage mani kuɗin mai, ko wahala zan saya da kuɗina?
Daga mai gidan burodi, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka, sauran rabin kuwa a nan Katsina yake, ba a Ingila ba.

Bari mu fara da yadda motar take. Ka san mai shagon cajin waya da ke da batir babba da inbata, ga kuma ɗan janareta a bayan shago da ba ya tayarwa sai batir ya yi ƙasa? To ka sa wa shagon nan taya huɗu. Abin da ke juya tayoyin injin lantarki ne, shi kaɗai, daga farkon tafiya har ƙarshenta. Injin fetur ɗin da ke ciki ba shi da wata alaƙa da taya, babu kuloci, babu canjin giya. Aikinsa guda ne, ya juya janareta ya ba batir wuta idan cajin ya kusa ƙarewa. Ana kiran irinta EREV a takaice, ka riƙe haruffan nan don kada a haɗa ka da wata. Akwai masu kama da ita waɗanda ba a ma sa su a caji, kamar e-Power na kamfanin Nissan, su fetur kawai suke sha duk da lantarki ne ke jan su. Ba su kake nema ba.

Ina zaton ɗaya daga cikin motoci biyu ƙanenka ya gani. Akwai VN5 ta kamfanin LEVC, masu ƙera baƙaƙen tasin Landan, wanda yanzu mallakar Geely ne na ƙasar Sin. Ta fito a 2020, batirinta na ɗaukar yunit 31 na wuta, irin yunit ɗin da kake saye a mita. A takarda tana yin kusan kilomita 98 da batir zalla, idan injinta mai lita 1.5 ya karɓa kuma jimillar tafiyar kan haura kilomita 480. Sai Ford Transit Custom da ta fito a 2019, mai injin lita 1.0 da batir ɗan ƙarami, yunit 13.6, wanda ba ya wuce kilomita 50 da 'yan kai. Lissafin takarda ke nan, a ƙasa mai sanyi da titi sumul. A watan Afrilun Katsina, da lodi, da direban da ya ƙure na'urar sanyi, ni dai na kan cire kashi ɗaya cikin huɗu kafin in yarda da kowace lamba.

Dalilin da ya sa aka ƙera su ma ya kamata ka sani. Tun 2019 birnin Landan ke karɓar fam 12.50 a kowace rana daga motocin da hayaƙinsu ya wuce ƙa'ida idan sun shiga tsakiyar gari. Mai rabon kaya yana so ya shiga gari ba hayaƙi, ya kuma iya fita garuruwan nesa ba tare da neman wurin caji ba. Su hayaƙi suke gudu, kai kuɗin fetur kake gudu tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Buƙatar ta zo ɗaya, amma su suna da abin da ya sa lissafin ya fita, wato soket mai wuta kowane dare.

Nan ne gizo ke saƙar. Mu yi lissafi da alƙalumanka. Mota irin wannan ɗauke da kaya kan ci yunit 25 zuwa 30 a kilomita 100, ke nan zagayenka na kilomita 70 na buƙatar kamar yunit 20. Ko da tsadar wutar masu rukunin A ka saya, wato unguwannin da aka fi ba wuta, wadda aka kai naira 225 a Afrilun 2024, naira 4,500 ke nan. Lita 10 ɗinka kuwa, ko a naira 900 ka samu, naira 9,000 ce. Rabi ya dawo aljihu, a kan sharaɗin cewa yunit 20 ɗin nan daga waya suka shiga batir. Soket na gida ba ya ba da fiye da yunit biyu zuwa uku a awa, saboda haka kana buƙatar wuta ta tsaya cak awa takwas ko tara. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, dare nawa a mako unguwarku ke samun haka?

Na san abin da za ka ce: ai akwai janareta a gidan burodi. Kada ka fara. Ƙaramin janaretan fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu a lita guda. Yunit 20 lita 10 ke nan, daidai abin da tsohuwar bas ɗinka ke sha, ga ƙara, ga baƙin mai, ga gyaran janareta. An gudu ba a tsira ba. Idan kuma ka bar injin cikin motar ya riƙa yin aikin kullum, ya fi janaretan gida tattalin mai nesa ba kusa ba, amma duk da haka sai fetur ya zama wuta, wuta ta zama juyin taya, a kowane mataki ana zubar da kaɗan. A doguwar hanya shan manta ba zai bambanta sosai da na motar fetur mai lafiya ba. Wanda ba ya sa ta a caji, motar fetur mai tsada ya saya, yana kuma yawo da batir mai nauyin buhunan fulawa da dama a banza.

Sai dai akwai abu guda a wasiƙarka da ya sa ban ce ka haƙura ba: motarka na dawowa kafin azahar. Mafi yawan masu rabon kaya da ke tambayata kan sola, sai in ce masu rana na sama motarku na titi, yaushe za su haɗu? Sai sun sayi wani batirin ya tara wutar rana, da dare su juye wa mota, kuɗi ya ninka. Kai kuwa daga sha biyu zuwa la'asar sakaliya motarka na ajiye, lokacin da ranar Katsina ke kan ganiyarta. Faifan sola mai wat 550 kan tara yunit biyu da rabi zuwa uku a wuni guda a yankinmu, amma tun da rabin wunin kawai motar za ta samu, ka ƙiyasta faifai 16 zuwa 20 da inbata mai ƙarfi. Wutar safe ba asara ba ce, injin kwaɓin fulawa zai ci. Kuma dole a riƙa goge faifan, domin ƙurar hunturu na rage masu ƙarfi sosai, na sha ganin mai sola na zagin inbata alhali tsumma da ruwa kawai ake nema.

Aikin naka ma ya dace da ita. Burodi cika wuri yake yi, ba nauyi gare shi ba. Tsaya nan, tashi can, wajen mai shayi arba'in a safiya guda, shi ne abin da ke kashe kuloci da birki da sitata a motar fetur, shi ne kuma inda ta lantarki ta fi ƙwazo. Idan ta tsaya ba ta cin komai, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur injin lantarkin kan koma janareta ya mayar wa batir ɗan abin da ya samu. Ranar Daura kuwa, kilomita 80 ne zuwa, 80 dawowa. Batirin VN5 zai kai ka ƙofar Daura ko kusa, injin fetur ya dawo da kai gida. Kwana biyun nan su ne kaɗai hujjar sayen mai goyon janareta. Da a cikin gari kawai kake rabo, da na ce ka nemi ta lantarki zalla, ta fi sauƙin kaya a ciki, babu baƙin mai, babu filogi, babu salansa.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, a matsayina na wanda ya yi shekara talatin yana bin wayar mota. Wa zai gyara ta? Mota ce mai cuta iri biyu, ta injin fetur da ta lantarki, ga ƙwaƙwalwar da ke sasanta su wadda ba ta magana sai da kwamfutar da ta san yarenta. Bara aka jawo mani wata mota mai haɗin batir da fetur, ta mutu a wajen Ƙofar Ƙwaya. An canza mata filogi, an wanke tanki, har an fara zancen sauke inji. Da muka buɗe, fankar da ke hura wa batir iska ce ƙura ta toshe kamar an yaɓa mata laka, batir ya yi zafi, ƙwaƙwalwa ta kashe komai don kare shi. Abin da ya fi tayar mani da hankali, na tarar wani yaro ya fere rigar wata waya mai launin lemo da reza yana neman wuta. Wayoyin nan masu launin lemo bolt 300 zuwa 400 ke bin su. Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Saboda haka kafin ka tura ko kwabo, ka sa ƙanenka ya amsa maka waɗannan. Sitiyarin a wane hannu yake? Motocin Ingila a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannun tuƙi, doka ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba, juya sitiyarin mota irin wannan kuma ba aikin bakin titi ba ne. Sai ya nemo ta ƙasashen Turai masu tuƙi irin namu. Ya kuma karɓo takardar gwajin lafiyar batir, wadda ke nuna kashi nawa cikin ɗari ya rage na ƙarfinsa. Garantin batir yawanci shekara 8 ne, kuma ba ya tsallako teku ya biyo ka Katsina. Ya tabbatar ruwa ne ke sanyaya batirin ba iska kawai ba, don zafin da ya haura digiri 40 shi ne babban abokin gabarsa, kuma ko a gida rumfa za ka yi mata, ba a cajinta a tsakar rana. Sannan ka je Kano ko Kaduna da ƙafarka, ka ga mai gyaran da ya taɓa buɗe irinta da inda za a samo kayanta. Idan gilashin gaba ya fashe sai an jira wata biyu daga Turai, masu shayi ba za su jira ka ba.

Ni dai da ni ne, ba zan sayar da tsohuwar bas ba tukuna. Ka ba direba littafi ya rubuta kilomita da litar kowace rana har mako biyu, mai gadi kuma ya rubuta awannin da aka kawo wuta. Ka turo mani alƙaluman tare da farashin motar har kuɗin kwastan, mu ga shekara nawa za ta yi kafin ta biya kanta.

TAMBAYA: Malam, ina da gidan fiya wata a Daura, ina rabo har Mai'aduwa da Zango. Irin wannan mota za ta yi mani?
Daga wata Hajiya, Daura.

AMSA: Hajiya, ba na ba ki shawara. Leda guda mai ƙulli 20 kilo 10 ce. VN5 kilo 830 aka yarje mata, leda 80 ke nan da 'yan kai, ban ma cire nauyin yaron mota ba. Na kuma san yadda ake lodin ruwa a garuruwanmu, sai bayan mota ya kusa taɓa ƙasa. Batirin motocin nan a ƙarƙashin daɓe yake kwance, ranar da ya daki dutse ko kan kwalbati, kuɗin gyaran zai sayi a-kori-kura biyu. Ki tsaya kan abin da kike da shi.

TAMBAYA: Idan damina ta yi ruwa ya cika titi, wutar motar ba za ta kama direba ba?
Daga wani direba, Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Ba za ta kama ka ba, ɗan'uwa. Batir da wayoyinsa a rufe suke ruf, ruwan sama da wanki ba sa yi masu komai, kuma motar na da na'urar da ke yanke wuta idan ta ji ta fara zurarewa. Abin da ba a yi shi ne kutsawa cikin ruwan da ya haura rabin taya. Idan kuwa tsautsayi ya sa ta nutse, kada ka kunna ta, kada ka sa ta a caji, kada kuma ka kwanar da ita cikin gida, domin batirin da ruwa ya shiga kan iya kamawa da wuta bayan kwanaki. A jawo ta a ajiye a fili, nesa da rumfa da sauran motoci, har mai gyara ya zo ya duba.