Kakanka da ya je yaƙin Bama

Ɗan'uwa, ka ce kakanku ya yi yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu), ba abin da ya rage muku sai lambar girma ɗaya, kuma kana son sanin tarihinsa.

Fara da tsofaffin gida, musamman gwaggonni da ƙannensa mata in suna raye. Su ne suka riƙe labarin ranar da aka ɗauke shi da yadda ya dawo. Ka naɗi muryarsu a waya tun yanzu, kada ka bari sai gobe.

Sannan a buɗe tsohuwar adakarsa a nemi takardar sallama. Lambar sojansa na ciki, kuma da ita ake bincike, domin tauraron Bama, lambar girman da aka ba waɗanda suka yi yaƙin, ba a rubuta suna a kansa. Yawancin sojojinmu suna runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi faɗa a yankunan Kaladan da Arakan na ƙasar Bama tsakanin 1944 da 1945. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo sunansu.

Ka leƙa ofishin 'yan mazan jiya na jiharku da lambar sojansa a hannu. Allah ya jiƙansa da rahama.