Me ya sa ƙumbar pawa ke shiga a ƙarshe?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka ɗora ƙumbar nan a gidanta na azurfa, a jikin abin wuyan da kake ƙerawa, tun kafin ka haɗa zoben da sarƙa za ta bi. Zauna, yarona, ka ji.

Wannan ƙumba ba dutse ba ce. Ɓawon wata dabbar teku ce da Mawori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, ke kira pawa, kuma irinta mai shuɗi da kore haka a gaɓar tekunsu kaɗai take. Launin da ke ɗaukar maka ido ba rini ba ne. Ɓawon hawa-hawa yake, siraran gaske, haske na shiga tsakaninsu ya dawo da launi, shi ya sa in ka juya ta sai shuɗi ya koma shunayya. Wuta ta taɓa ta, hawan nan ya ƙone ya farfashe, ba kuwa maƙerin da zai dawo da shi. Azurfarmu mai lamba 925, wato kashi 92.5 azurfa sauran jan ƙarfe, sai ta kusa yin ja kafin sinadarin da ke haɗa ta ya narke ya gudu. Ina ƙumba za ta jure wannan?

Ruwan tsamin da muke jefa aiki a ciki bayan wuta ma abokin gabarta ne. Asalinta ɗaya da alli, tsami cinye ta yake yi. Saboda haka ka gama duk haɗin wuta, ka wanke, ka goge azurfar ta yi ƙyalli, sannan ƙumba ta shiga. Bakin gidan kuwa ka yi shi da tsantsar azurfa mai lamba 999, ta fi laushi, za ka kwantar da ita a kan ƙumbar da matsin hannu ba tare da guduma ba. Matsa nan, ka tsallaka ɗaya gefen ka matsa, kada ka bi da'ira a jere, in ba haka ba ta karkace.

Wajen yanka da gogewa, a jiƙe za ka yi, da ƙyalle a hanci. Ƙurarta na illa ga huhu. Ban yarda in ga ka sa mata magagari a bushe ba, ko da ba na nan.

Zanen da ke hannunka, mai naɗewa ciki, sunansa koru. Ganyen wani tsiro ne na dazukansu, ponga, lokacin da yake sabon toho bai warware ba, kuma a wurinsu yana nufin sabuwar rayuwa. Kada ka matse naɗin, ka bar masa sarari kamar yana shirin buɗewa. Mai kama da ƙugiya shi ne hei matau; a labarinsu na kaka da kakanni, da ƙugiya gwarzonsu Mawi ya jawo tsibirin arewa na ƙasarsu daga cikin teku. Su kansu a da ƙashi da koren dutsen pounamu suka fi sassaƙawa na ratayawa, pawa kuma su sa ta a idanun sassaƙen katako. Haɗa ta da azurfa abu ne na baya-bayan nan.

Ni dai koru da ƙugiya nake yi. Hei tiki, mai siffar mutum, kayan gado ne da suke mutuntawa, ba na taɓa shi. In mai saye ya tambaya, ka gaya masa aikinmu ne a kan zanensu, kada ka ce hannun Mawori ne ya yi.

Tashi ka haɗa zoben. Ƙumbar ka ajiye ta can nesa da murhu.