Kafin ka zuba bayanan kwastomomin wani a cikin ChatGPT

Yarona, na ji tambayarka, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata. Ka ce kamfanin da muke kula wa da kwamfutoci sun ba ka fayil ɗin Excel na kwastomominsu, da sunaye da lambobin waya da adireshi da bashin da ake bin kowa, duk a hargitse. Sunan mutum ɗaya ya fito sau uku, lambobin waya kowa da yadda ya rubuta su. Kana so ka kwashe shi gaba ɗaya ka zuba wa ChatGPT, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita, ya tsara maka nan take, maimakon ka zauna kana bi layi-layi. Har ka ƙara da cewa, "Maigida, ai ba sata zan yi ba, aikinsu zan yi musu, ina laifin?"

Kada ka zuba. Niyyarka mai kyau ce, na sani, amma ba niyya ake dubawa a nan ba, inda bayanan za su je ake dubawa.

Da zarar ka danna aikawa, abin da ka liƙa ya bar kwamfutarka. Ya tafi manyan kwamfutocin kamfanin da ya mallaki manhajar, a wata ƙasa, ya zauna a tarihin hirarka. A asusun da kowa ke buɗewa da kansa, irin naka, ana iya amfani da abin da ka rubuta wajen ƙara horar da manhajar, sai dai in ka shiga saituna ka kashe hakan. Ko ka kashe ɗin, ko ka goge hirar, iko ya riga ya fita daga hannunka. A 2025 wata kotu a Amurka, a shari'ar da jaridar New York Times ta shigar, ta umarci kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya ci gaba da adana hirarrakin mutane na wani lokaci, har da waɗanda masu su suka goge. Waɗannan mutanen ba su da hannu a shari'ar, ba kuma wanda ya nemi izininsu. Kafin wannan, a watan Maris na 2023, wata tangarɗa a manhajar ta sa wasu mutane suna ganin kanun hirarrakin wasu, har ma wani ɓangare na bayanan biyan kuɗin wasu ya bayyana. Babu mugun da ya shirya wannan, kuskure ne na rubutun manhaja, irin wanda ke samun kowane kamfani. Magana zarar bunu ce, haka bayanai suke a intanet: in sun fita ba ka da hanyar mayar da su.

Kuma kada ka ɗauka masu ƙarancin sani ne kaɗai ke faɗawa wannan ramin. A farkon 2023 injiniyoyin Samsung, mutanen da suka fi ni da kai sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, sun liƙa wa ChatGPT rubutun manhajar kamfanin na sirri don ya taya su gano kuskure. Tunaninsu irin naka ne sak: aikin kamfani muke yi, sauri muke so. A watan Mayu na wannan shekarar kamfanin ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki.

Amma abin da na fi so ya zauna maka a rai shi ne wannan. A wannan aikin mutum uku ne, ba biyu ba. Akwai kai, akwai mai kamfanin da zai biya mu, sannan akwai mutanen da sunayensu ke cikin fayil ɗin. Su ba sa nan lokacin da aka ba ka aikin. Ba su san sunanka ba, ba su san akwai ka ba ma. Matar da ta ba da lambar wayarta don a kawo mata kaya, ta ba da ita ne don a kawo mata kaya. Mutumin da ake bi bashi wata huɗu, wataƙila ko iyalinsa ba su sani ba. Mai kamfanin da kansa riƙon amana yake yi musu, mu kuma amanar amana ce a hannunmu. Don haka duk lokacin da za ka motsa bayanai daga inda aka ajiye su zuwa wani wuri, tambayi kanka ko masu sunayen sun yarda a kai su can. In ba su yarda ba, saurin da kake nema ba hujja ba ne.

Na san abin da za ka ce: to bari in goge sunayen, in bar sauran. Wannan ya rage, amma bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa da abu uku kacal, ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya, ana iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ɗaya bayan ɗaya. A 1997 ta gano bayanan asibiti na gwamnan jihar Massachusetts na lokacin a cikin wani kundi da aka ce an cire wa sunaye, ta hanyar haɗa shi da rajistar masu zaɓe. A 2006 kamfanin AOL ya saki abubuwan da dubban ɗaruruwan mutane suka bincika a intanet, ya sauya sunayensu da lambobi, amma ba a jima ba 'yan jarida suka gano wata mata daga abubuwan da ta riƙa nema kawai. Dubi fayil ɗin da ke hannunka. Ka cire suna, ka bar lambar waya da adireshi, me ka ɓoye? Lambar waya ai ta fi suna nuna mutum, tunda mutum dubu na iya raba suna ɗaya amma lamba ta mutum ɗaya ce.

Ba cewa nake ka guji ƙirƙirarriyar basira ba. Ni ma ina aiki da ita, kuma duk wanda ya ƙi koyonta a wannan sana'ar za a wuce shi. Abin da za ka koya shi ne ka nemi dabara a wurinta, ka riƙe bayanan a wurinka. Ba ta bukatar ganin ainihin kwastomomin kafin ta taimaka maka, siffar matsalar kawai take bukata. Ka gaya mata ginshiƙai nawa ne a fayil ɗin da abin da ke cikin kowanne. Ka ƙirƙiri layuka goma ko ashirin na bogi, sunaye da lambobin da ba na kowa ba, amma masu ɗauke da irin ɓarnar da ka gani: suna da aka rubuta da manyan baƙaƙe a nan da ƙanana a can, fili da ya maƙale a ƙarshen suna, lamba mai lambar ƙasa da marar ita. Sai ka ce ta rubuta maka dabarar Excel ko ɗan gajeren shirin kwamfuta da zai gyara irin wannan. Ka karanta shi har ka fahimci abin da kowane layi ke yi, ka gwada a kan na bogin, sannan ka gudanar da shi a kan na gaskiya a kwamfutar kamfanin, inda bayanan suke tun farko. Ka samu saurinka, babu sunan da ya fita.

Wannan hanyar tana da wata fa'ida da ba ta shafi sirri ba ma. Manhajojin nan suna kintatar kalmar da ta dace ta biyo baya ne, ba lissafi suke yi kamar kalkuleta ba. In ka ba su layuka dubu su sake rubutawa, suna iya tsallake wasu, ko su sauya lamba ɗaya a tsakiyar adadi, kuma su miƙo maka aikin tsaf kamar babu abin da ya faru. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira, waɗanda ba su taɓa faruwa ba. Ka yi tunanin irin wannan a ginshiƙin bashi: an ƙara wa wani sifiri, ko an share wa wani bashinsa. Dabara kuwa, in ta yi kuskure, za ta yi shi iri ɗaya a ko'ina, kuma za ka iya bin sawunsa.

Tunda mun zo nan, ga abubuwan da za ka kula da su a aikin kansa. Kada ka taɓa fayil na asali, ka yi kwafi ka yi aiki a kansa. Kafin ka fara, rubuta yawan layukan da jimillar bashin, in ka gama ka sake dubawa. Duk bambancin da ka gani dole ka iya faɗin daga ina ya fito. Ka mayar da ginshiƙin lambobin waya ya zama rubutu, don Excel yana cinye sifirin farko in ya ɗauki abu a matsayin adadi, kuma duk adadin da ya wuce lambobi 15 yana mayar da na ƙarshensa sifiri ba tare da ya gaya maka ba. Sannan kada ka haɗe mutum biyu don kawai sunansu ya zo ɗaya. Inda ka yi shakka, ware su gefe, ka kai wa masu fayil ɗin su yanke hukunci. Kwastomominsu ne, sun fi ka sanin su.

Wani abu kuma da ake yawan mantawa: ba sunayen mutane kaɗai ke zamewa ba. In za ka liƙa saƙon kuskure ko hoton allo ko wani yanki na shiri don neman taimako, karanta shi tukuna daga farko har ƙarshe. Sau da yawa kalmar sirri ko mabuɗin shiga rumbun bayanai na kwance a ciki. In ka ga ɗaya ya riga ya fita, goge hirar ba magani ba ne, sauya shi ne magani, kuma nan take.

Kada ka raina matsayinka a wannan. Masu kutse sun daɗe da gane cewa babban kamfani yana da wuyar shiga ta gaba, amma ƙaramin ɗan kwangilar da ke yi masa aiki yana da mabuɗi kuma ba shi da tsaro. A ƙarshen 2013 an sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, kuma ɓarayin sun shiga ne da bayanan shiga na wani kamfani da ke yi musu aikin na'urorin sanyaya wuri. Mu ne wannan ɗan kwangilar. Shi ya sa nake matsa maka ka saka tabbaci mai mataki biyu (wato bayan kalmar sirri, sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ake turowa wayarka) a duk asusunka, kada ka maimaita kalmar sirri ɗaya a wuri biyu, kuma in za a ba ka damar shiga ka nemi iya abin da aikin ke bukata. In sun ce ga asusun babban mai kula, yi komai da shi, ka ce su buɗe maka naka daban mai iyaka, wanda za a rufe in an gama. Hakan kariya ce gare ka ma: ran da wani abu ya ɓace, za a ga abin da ka taɓa da wanda ba ka taɓa ba.

To in mai kamfanin da kansa ya ce ka zuba fa? Akwai asusun kasuwanci na waɗannan manhajoji, inda ake ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa ba za a horar da manhajar da bayanan ba, da tsawon lokacin da za a adana su. In kamfanin yana da irin wannan, kuma ya ba ka izini a rubuce, magana ta sauya. Amma "ba komai, yi kawai" a waya ba izini ba ne, kuma sau da yawa mai faɗin hakan bai san inda bayanan za su je ba. Aikinka ne ka bayyana masa da harshen da zai gane, cikin ladabi. Doka ma ta shigo ciki. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana iya cin tarar da ta kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara, duk wanda ya fi yawa, kuma ba ta bar wanda aka ba aikin sarrafa bayanan a madadin kamfani ba. Ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin a kan wannan turbar. In kuwa bayanan lafiya ne ko na yara, ni ko da izinin ba na ɗaukar aikin ta wannan hanyar sai na ga an bi kowane mataki.

Idonka ma yana cikin abin da za ka tsare. Kana gyara fayil ɗin za ka iya cin karo da sunan wanda ka sani. Wuce shi kamar sauran layukan. Ba ka faɗa wa aboki, ba ka faɗa mini, ba ka kuma nuna wa mutumin ka gani.

In kuma akwai wani aiki da ka riga ka liƙa bayanan mutane a baya, ka gaya mini yau, ba don in yi maka faɗa ba. Waccan dokar ta Turai awa 72 ta ba kamfani ya sanar da hukuma daga lokacin da ya san an samu ɓaraka, kuma duk jinkirin da aka yi, masu bayanan ne ke zaune ba su san ya kamata su yi hattara ba.

Yanzu je ka haɗa layukan bogin nan, ka sa duk irin ɓarnar da ka gani a ciki. In manhajar ta ba ka dabarar, kawo mini mu karanta tare kafin ka gudanar da ita a kan na gaskiya. Ran da ka miƙa aikin kuma, ka share duk kwafin da ya rage a filash ɗinka da imel ɗinka da wurin da kwamfuta ke ajiye abin da aka sauke, ka kwashe kwandon sharar, sannan ka rubuta wa kamfanin cewa ka gama, su rufe asusun da suka buɗe maka.