Zuciyata ba ta zama wuri ɗaya: zazen zan riƙe ko metta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Japan. Wata uku ke nan ina zuwa wani gidan ibadar Zen, wani reshe na addinin Buda, da ke karɓar baƙi su yi zaman natsuwa da ake kira zazen a safiyar Lahadi. Ana cewa zaman yana kwantar da hankali, amma ni da na zauna sai saƙe-saƙe su yi mini rubdugu: jarrabawa, kuɗi, sai kuma wani abokin karatu da muka samu saɓani, wanda kullum shi ne a raina. Wata 'yar ajinmu 'yar Siri Lanka ta ce in koma metta, wato horar da zuciya kan yi wa kai da mutane fatan alheri. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zaman bai ƙara maka tunani ba. Dama can suna nan, waya da hira da zirga-zirga ne suka rufe su, kamar yadda ba a jin ƙarar firji sai dare ya tsala. Kusan duk mai farawa sai ya yi wannan ƙorafin, kuma tsoffin littattafan addinin Buda sun san shi sarai. A cikinsu an kwatanta zuciya da biri a daji, ya kama reshe, ya saki, ya cafke wani. Sun lissafa abubuwa biyar masu hana natsuwa: sha'awa, ƙullata, kasala da gyangyaɗi, kai-komon zuciya, sai shakka. Na huɗun, wato kai-komon zuciya, a Pali, harshen waɗannan littattafai, sunansa uddhacca-kukkucca, kalma biyu a haɗe, ta farko rawar kai, ta biyu cizon yatsa kan abin da ya wuce. An misalta shi da ruwa a kwano da iska ke kaɗawa, ko ka leƙa ba za ka ga fuskarka ba.

A bayaninka ina ganin ciwo biyu. Jarrabawa da kuɗi rawar kai ce. Abokin karatun nan kuwa ƙullata ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Zazen da metta ma ba gida ɗaya suka fito ba. Metta ta fi ƙarfi a ɓangaren Theravada, wato Siri Lanka da Myanmar da Tailan, shi ya sa 'yar ajinku ta san ta. Kalmar 'yar'uwar mitta ce, aboki, kuma tsarin da ake bi a yau ya fito ne daga littafin Visuddhimagga da malami Buddhaghosa ya rubuta a Siri Lanka a ƙarni na 5. Zen kuwa ta bi ta ƙasar Sin, inda ake kiranta Chan, kafin ta isa Japan. In a wurinku bango kuke fuskanta, to 'yan Soto ne, reshen Zen da ke bin tafarkin malami Dogen, wanda ya rayu daga 1200 zuwa 1253, ya je Sin a 1223, ya kafa gidan zuhudu na Eiheiji a 1244. In kuna fuskantar juna, galibi ɗaya reshen ne, Rinzai. A Zen ta gargajiya ba a koyar da metta mataki-mataki, don haka kada ka yi mamaki in malamin wurin bai taɓa ambatarta ba.

Shawarata: kada ka bar zazen, ka gyara shi, sannan ka ware wa metta lokacinta daban. Minti 15 na zazen da safe, minti 10 na metta da dare, kullum, ya fi zaman awa guda ranar Lahadi kaɗai. Kada ka cakuɗa su a zama ɗaya, domin a ɗaya sakin tunani ake yi, a ɗayan kuwa da gangan ake kiran tunani.

Yawancin rawar kai a zazen daga jiki take farawa. Ka zauna a kan gefen gaba na matashin nan mai zagaye, zafu, ba a tsakiyarsa ba, ta yadda ƙugu zai ɗara gwiwoyi tsayi, gwiwoyin biyu kuma su taɓa shimfiɗa. In gwiwa tana reto a sama, bayanka ne zai ɗauki nauyin, bayan minti goma ya fara ciwo, zuciya ta samu dalilin guduwa. Ba dole sai ka harɗe ƙafafu duka biyu kan cinya ba. Ƙafa ɗaya ta isa, ko ka ajiye su gaba da baya a ƙasa, ko ka hau kujera tafin ƙafa a dafe da ƙasa. Kafin ka tsaya cak, ka yi lilo hagu da dama sau shida ko bakwai, kana rage faɗin lilon har ka samu tsakiya. Kunne daidai kafaɗa, hanci daidai cibiya, harshe a manne da ganɗa, baki a rufe. Ido ba a rufe shi: a bar shi rabi a buɗe, yana kallon ƙasa kamar mita ɗaya gabanka. Masu rawar kai suna son rufe ido, alhali nan ne zuciya ke samun farin bango ta haska majiginta.

Hannu kuwa, bayan hagu a kan tafin dama, manyan yatsu biyu suna taɓa juna sama-sama, kamar ka riƙe takarda tsakaninsu ba tare da ka lanƙwasa ta ba. Wannan shi ne ma'auninka. In ka farga ka ga yatsun sun zube, barci ne ya sace ka. In sun danne juna sun yi tsini, ka shiga gardama a zuci, watakila da mutumin nan.

Tunda kana sabo, kada ka fara da shikantaza, zaman da ba a riƙe komai. Ka fara da ƙidayar numfashi, susokukan. Kada ka ja numfashin, kada ka tsawaita shi. Duk fitar iska ka ƙirga ɗaya, har goma, ka dawo ɗaya. Hankalinka ya sauka mara, kamar yatsu uku ƙasa da cibiya, inda ciki ke tashi yana sauka. In ka ɓata lissafi, ko ka tsinci kanka a sha bakwai, ka koma ɗaya ba tare da tsaki ba. A nan mutane ke kuskure: suna ɗauka kai wa goma shi ne aikin. Dawowar ita ce aikin. Wanda ya ɓace sau talatin ya dawo sau talatin ya yi zama mai kyau. A gidajen Zen zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 40, gwargwadon cin turaren tsinke guda, sai a tashi a yi kinhin, tafiya a hankali na minti biyar zuwa goma. A Soto rabin taku ake yi a kowane numfashi. Ranar da jikinka ya ƙi zama sam, ka fara da wannan tafiyar, sannan ka zauna.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne matsa wa kai. Akwai labarin wani ɗan zuhudu mai suna Sona, ɗan masu hali, wanda ya dinga zirga-zirgar ibada har ƙafafunsa suka yi jini, bai ga sakamako ba, ya yi niyyar komawa gida. Da ma shi gwanin kaɗa vina ne, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Buda ya tambaye shi ko tana yin amo in an ɗaure tsirkiyar tamau, ya ce a'a. In ta yi sako-sako fa? Ya ce a'a. Buda ya ce to haka ƙoƙari yake: in ya yi yawa ya haifi rawar kai, in ya yi kaɗan ya haifi kasala. Hakuin, babban malamin Rinzai da ya rasu a 1769, ya matsa wa kansa har ya kamu da abin da ya kira ciwon Zen: zafi a ƙirji da ka, ƙafafu kamar ƙanƙara, kunnuwa suna ƙugi. Maganin da ya ce ya koya wajen wani mai zaman kaɗaici shi ne mutum ya ɗauka an ɗora masa curin man shanu mai laushi, girman ƙwan agwagwa, a tsakar ka, yana narkewa yana gangarowa ta kafaɗu da ƙirji da ciki har tafin ƙafa. Minti biyar na wannan kafin ƙidaya yana sauko da hankali daga ka zuwa jiki. Amma in zaman yana jawo maka faɗuwar gaba mai tsanani, ko rashin barci na kwanaki, ko yana tono wani tsohon tashin hankali, ka dakata ka je asibitin jami'arku. Wannan ba abin daurewa ba ne.

Yanzu metta. Ka zauna yadda ka ji daɗi, nan ba a tsananta wa zama. Ka zaɓi jimloli uku ko huɗu gajeru, kada ka riƙa canza su. Na asali ma'anarsu kusan haka take: in rabu da gaba, in rabu da cuta, in rabu da damuwa, in zauna lafiya. Jimla ɗaya a kowane numfashi ko biyu, ka bar ɗan shiru tsakani. Za ka lura bakin Bahaushe ba ya son yin fata babu "Allah ya sa" a gaba. A tsarin Buda ba roƙon kowa ake yi ba, horar da niyya ake yi, kuma ba a ɗaure ka da lafazi ɗaya ba. Gaskiyar magana dai abubuwan nan biyu daga cikin addinin Buda suka fito, kuma a gidan ibada suna tafe da rusunawa gaban gunki da karatun littattafansu. Akwai waɗanda suka zare dabarar daga ibadar, kamar shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. Inda iyakarka take a addininka, malaminka za ka tambaya. Kana kuma iya gaya wa mai kula da wurin cewa zama kawai ka zo yi.

Jerin mutanen yana da muhimmanci ƙwarai. Kanka tukuna, sai wanda kake girmamawa da ya yi maka alheri, kamar malami, sai aboki na kusa, sai wanda ba ruwanka da shi, irin mai karɓar kuɗi a kantin unguwarku, sannan a ƙarshe wanda kuke takun saƙa. Buddhaghosa ya hana farawa da maƙiyi, domin gajiya kawai za a yi. Ya kuma ce kada a ɗauki mamaci, kada a keɓe wanda ake iya sha'awa, domin metta tana da maƙiyi na nesa, wato ƙiyayya, da na kusa mai kama da ita, wato so mai ɗamfaruwa. Na kusan ya fi wuyar ganewa. In mataki na farko ya yi maka nauyi, kamar yadda yake yi wa masu yawan zargin kai, ka fara da malamin, ka dawo kanka daga baya. Kuma kada ka zauna jiran wani ɗumi a ƙirji. Wata rana zai zo, wata rana jimlolin su fito a bushe kamar karatun allo, duka biyun aiki ne.

Ka yi mako biyu a matakai biyu na farko, mako na uku ka ƙara aboki da baƙo. Abokin karatun nan kada ka taɓa shi kafin wata guda, kuma ko a lokacin ka fara da wani mai ƙaramin laifi, irin maƙwabcin da ke buga ƙofa da dare. In ka kawo shi ka ji ranka ya ɓaci, ka koma kan wanda ya gabace shi har zuciya ta yi laushi, sannan ka sake gwadawa. In abin ya ƙi, littafin Buddhaghosa ya jero dabaru. Ka nemi hali ɗaya mai kyau a tare da shi, ko da iya gaisuwa ce, ka tsaya a kansa. Ka tuna mai fushi kamar wanda ya ɗauki garwashi da hannu ne don ya jefi wani, shi zai fara ƙonewa. Ko ka tambayi kanka da me kake fushin: gashin kansa ne, ko farcensa, ko ƙashinsa? Tambayar tana da ban dariya, kuma dariyar ce ke sassauta ƙullin. Yi masa fatan alheri ba ya nufin ka ce yana da gaskiya, ba ya kuma hana ka zaunar da shi ku yi magana kan abin da ya haɗa ku.

Dabara ta ƙarshe a jerin Buddhaghosa, in duk sauran sun gaza, ba a kan matashi ake yin ta ba: ka ba shi kyauta, ko ka karɓi tasa. A Japan wannan ba zai zama abin mamaki ba, tunda duk wanda ya yi tafiya yakan dawo wa abokan aiki da tsaraba, omiyage, galibi kwalin alewa ko biskit da ake rabawa ɗaya-ɗaya. Duk ranar da ka je wani gari ka dawo, ka sayo kwali guda, ka zaga da shi ajin, ka ajiye nasa a kan teburinsa kamar na kowa.