Hawainiyata ta ƙi shan ruwa, idonta ya zurma: in ci gaba da yi mata ɗura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da hawainiya da na saya a hannun wasu yara a bakin lambu nan Kano, tun ƙarshen damina. Tana cikin kejin raga, na sa mata ƙwan UVB (fitilar da ke maye mata hasken rana), ina ba ta fara da gyare bayan na barbaɗa musu hodar kalsiyam. Tun da hunturu ya shigo sai ta canza. Kullum ina canza mata ruwa a kwano amma ban taɓa ganin ta kusance shi ba. Yanzu idanunta sun zurma, farin da ke jikin kashinta ya koma ruwan lemo. Wani mai sayar da tsuntsaye ya ce in riƙa tsoma ta a robar ruwan ɗumi, sannan in buɗe bakinta in ɗura mata ruwan gishiri da sukari da sirinji. Jiya na yi, ta yi baƙi ƙirin, yau kuma ina jin wani ƙas-ƙas in tana numfashi. Wallahi hankalina ya tashi, ina tsoron ta mutu a hannuna. Don Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ajiye sirinjin, ka zubar da ruwan robar. Kada ka sake yi mata ko ɗaya daga cikin biyun.

Tunda har ka san ƙwan UVB da kalsiyam, ba sai na tsaya yi maka bayanin fitila da abinci ba. Ka kuma karanta alamomin daidai. Farin nan na jikin kashi shi ne fitsarinta, kuma lafiyayye fari ne ko ruwan madara, ko da akwai ɗan ɗorawa-ɗorawa a gefe ɗaya ba komai. In ya koma ruwan lemo gaba ɗaya, ya bushe ya ƙanƙance, to jikinta ya daɗe yana tsotse ruwan da ke ciki don ba ya samun wani. Zurmawar ido kuwa a makare take zuwa. Abin ya kwana biyu kafin ka gani.

Kwanon ma ba shi da amfani a wurinta. Hawainiya ba ta ɗaukar ruwan da ke kwance shiru a matsayin abin sha. Abin da idonta ya sani shi ne ɗigon da ke ƙyalli a kan ganye, ko raɓar asuba, ko yayyafi na gangarowa daga reshe. Akwai 'yan tsiraru da kan koyi sha a kofi, amma ba a gina kiwo a kansu. Abin da kwanon zai tara maka kawai shi ne kashi da gyaren da ya faɗa ya mutu.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai, don kusan kullum sai na ji shi: wai hawainiyar da ta ƙi sha a yi mata ɗura, ko a jiƙa ta ruwa ya shiga ta fata. Ban san ranar da maganar nan za ta mutu ba. Mai sayar da kanari da tantabara, wanda bai taɓa leƙa cikin bakin hawainiya ba, shi ne zai tsaya da ƙarfin gwiwa yana rubuta maka magani. In an tambaye shi daga ina ya samo, ya ce ai haka ake yi. Su wa ke yi? Ina hawainiyoyin da aka yi wa hakan suke yanzu?

Da za ka duba bakinta lokacin da ta wangame shi don fushi, za ka ga a ƙasan bakin, bayan tushen harshe, akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa tana rufewa. Ƙofar numfashi ke nan. Hanyar abinci tana can baya da ita. Ma'ana duk ruwan da ka watsa daga gaba, ƙofar huhu zai fara tararwa kafin ya kai inda kake so. Dabbar da aka damƙe aka ɓare wa baki kuwa a tsorace take, haki take yi, ƙofar a buɗe take. In tana sha don kanta, ɗigo ɗaya take lasa, ta ɗaga kai, ta haɗiye, ta huta. Kai kuma ka zo da babban yatsa a kan sirinji. Wannan ita ce ɗurar da iyayenmu mata kan yi wa jarirai da kunu, wadda ma'aikatan asibiti suka gaji da hanawa, kuma dalilin hanin ɗaya ne. Sai dai jariri ya fi hawainiya sa'a, don shi yana iya tari. Ita ba ta da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki wanda muke tari da taimakonsa. Huhunta jaka ce mai siririyar fata, da wasu 'yan aljihuna da suka miƙa har cikin ciki. Abin da ya shiga nan ya zauna. Ka ƙara da cewa sukari ne a ciki, ƙwayoyin cuta sun samu abinci.

Ga kuma batun yawa. In mu za mu ba dabba irin wannan ruwa, sai mun ɗora ta a sikeli, kuma abin da aka saba lissafawa shi ne tsakanin mililita 10 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinta a yini guda. Hawainiya mai giram 50 ke nan abin da za ta ɗauka bai fi mililita ɗaya da rabi ba daga safe zuwa dare, kuma ba a tashi ɗaya ba. Sirinjin da ka saya a kemis na tabbata mai cin mililita 5 ne ko 10. Kai ma ka yi lissafin. Mu kuma yawanci a ƙarƙashin fata muke sa shi da allura, ko mu zura siririyar roba ta wuce ƙofar numfashin. Ba mu watsawa a baki mu ce Allah ya kai.

Tsomawa a roba ita ma shirme ce. Fatar hawainiya an yi ta ne don ta hana ruwa fita, to ta yaya za ta bar shi ya shiga? Kwaɗo ke sha ta fata, kuma hawainiya ba kwaɗo ba ce. Wasu kan ce ta dubura yake shiga. Ba wani abin kirki da ke shiga ta nan da zai farfaɗo da dabbar da idonta ya faɗa. Abin da wankan ke yi mata shi ne firgita. Dabba ce da duk rayuwarta ƙafafunta na damƙe da reshe, ka jefa ta cikin santsin roba ba abin kamawa. Baƙin da ka ga ta yi jiya ba alamar magani ya kama ba ne, kamar yadda na ji wani yana faɗa wa abokin cinikinsa. Tsoro ne tsagwaronsa. Kuma abin da hannunka ya ji ɗumi-ɗumi yakan yi mata zafi, in an cire ta kuma iskar hunturu ta busa jiƙaƙƙen jiki sanyi ya kama ta.

Tushen duk wannan shi ne mutane na ganin hawainiya ba ta shan ruwa, har wasu na cewa da iska take rayuwa. Ba su taɓa ganinta tana sha ba ne kawai, saboda da sassafe take yi, kuma in ana kallonta takan ƙi. Daga nan sai a rabu biyu: masu barinta da ƙishi don wai ba ta buƙata, da masu cewa tunda ba ta sha da kanta sai an tilasta mata. Dukansu kabari ɗaya suke haƙa mata. Kuma ƙishin da ya daɗe ba ya tsayawa a ido. Ƙoda yake ci, gishirin fitsari ya taru a gaɓoɓi su kumbura, ka ga ta saki ƙafa ɗaya tana lilo daga reshe. In an kai nan, sai dai a rage mata zafi.

Ƙas-ƙas ɗin da kake ji shi ne ya fi damuna a duk wasiƙarka. Lura da ita yau: in tana zama baki buɗe ba a ƙarƙashin fitila ba, ko tana ɗaga hanci sama, ko ka ga kumfa ko yawu mai yauƙi a bakinta, ko tana rufe ido da rana, to huhu ya taɓu. Wannan ya wuce feshi, likitan dabbobi take buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu. In ba ka samu wanda ya saba da masu jan ciki a kusa ba, nemi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga Kano ba nisa. Kuma don Allah kada ka bari wani ya zuƙo Gentamicin, allurar nan ta kashe ƙwayar cuta, ya soka mata. Maganin nan da 'yan uwansa suna lalata ƙoda, balle a jikin da ba ruwa. Sai an fara gyara ruwan jiki kafin a yi maganar kashe ƙwayar cuta. Haka allurar tsutsa ta awaki, a bar wa awaki.

Abin da za ka yi a gida kuwa mai sauƙi ne, haƙuri kawai yake so. Cika kejin da ganye mai rai, mai faɗi da santsi, irin shukar nan mai yaɗo da ake kira pothos, ko ficus, ka wanke su tas don masu sayar da furanni na fesa musu magani. Samu kwalbar feshi irin ta masu aski, sabuwa wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ka fesa ganyen da asuba kafin ka kunna fitila, ka sake bayan magariba. Ganyen za ka fesa, kada ka auna fuskarta. Kuma kada ka yi fis-fis sau uku ka tafi, nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ka ci gaba minti uku zuwa biyar. Da farko za ta gudu ta ɓuya. Can sai ka ga ta kumbura ido ɗaya tana juya shi a cikin fatarsa, wanke ƙura take yi. Sai maƙogwaro ya fara motsi, baki ya ɗan buɗe ya rufe, tukuna ta miƙa kan harshe ga ɗigon da ke gefen ganye. In ka ga haka, ja da baya, ka daina kallonta.

Ga mai ɗigo kuwa, wato abin da zai riƙa ɗigo mata ruwa a kan ganye, ba sai ka yi odar komai daga waje ba. Je kemis ka sayi robar ƙarin ruwa sabuwa, ka cire allurar, ka haɗa da gorar ruwa mai tsabta a saman keji. Ɗan gungurin nan da nas ke murzawa shi zai daidaita maka, ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka saita ya faɗo a kan ganyen da ke kusa da reshen da take yawan zama, ka bar shi awa ɗaya ko biyu da hantsi. Sa kwano a ƙasa ya tare abin da ya zuba, ka rufe shi da raga. Wannan ya fi min injin feshi mai aiki da lantarki, don ba ruwansa da an ɗauke wuta. Duk ruwan da za ka iya sha ita ma za ta iya.

Sai danshin dare, wanda shi ne hunturu ya sace mata. A watannin nan danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, kuma kowane numfashi da ta fitar ruwa ne ke tafiya. A lambun da aka kamo ta tana da zaɓi, ta shige duhuwar ganye ko ta gangara wajen da ake ban ruwa. A kejin raga tsakiyar ɗaki ba ta da inda za ta. Ka rufe gefe biyu ko uku na kejin da leda, ka bar gaba da sama a buɗe, da dare ka rataya jiƙaƙƙen tawul a gefe guda. Da rana kuma keji ya bushe. Lambobin da za ka gani a intanet, kashi 30 zuwa 50 da rana, 80 zuwa sama da dare, yawanci don hawainiyar Yaman mai doguwar hula aka rubuta su. Taka 'yar gida ce, amma tsarin bai canza ba: dare mai sanyi da laima, rana mai ɗumi a bushe. Abin da za ka kiyaya shi ne haɗa laima da zafi a rufaffen wuri, musamman in bazara ta zo zafi ya haura digiri 40. Lokacin sai ka cire ledar, ka ƙara mai ɗigo, ka rage jiƙa iska. Kada ka ajiye ta a saitin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, kuma ɗakin da ake fesa maganin sauro ba wurinta ba ne.

Farar da gyaren ma ruwa ne in ka ciyar da su. Ka ba su karas, kabewa ko ganyen zogale kwana ɗaya kafin ka miƙa mata. In ka ga wani farin gari ya bushe a hancinta kada ka tsorata, gishiri ne take fitarwa ta nan.

Malam, ba zan ɓoye maka ba, ni ba na murna da sayen hawainiya a hannun yara. Naira kaɗan ɗin da ka ba su ita za ta mayar da su lambun gobe. Kuma ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Wanda ya rufe rai a keji ya ɗauki nauyin raɓar da ya raba ta da ita. Na ga alamar kai ka damu, shi ya sa ka rubuto, amma damuwa ba ta hana a tambayi wanda ya sani kafin a ɗauki sirinji. In ta warke, kuma ka ga ba za ka iya tashin asuba kullum kana feshi ba, ka shawarci likitan da ya duba ta ko za a iya mayar da ita lambun da ta fito in ruwa ya sauka.

Ranar da za ka kai ta asibiti, sa ta a kwali mai 'yan huji, ka kafa sanda a ciki ta kama, ka rufe ya yi duhu, kada ka bar kwalin a rana ko a but ɗin mota. Ka tafi da sabon kashinta a leda, don waɗanda aka kamo daga daji da wuya a rasa tsutsa a cikinsu. Ka kuma faɗa wa likitan ainihin yawan ruwan da ka ɗura mata da abin da ka haɗa a ciki, ko da kana jin nauyi, domin da shi zai san inda zai fara.